Tambaya da Amsa: Na Daina Ƙwaya, Ga Shi Aiki Zai Kai Ni Tsakiyar Teku

Wasiƙun wannan mako uku ne, daga Katsina da Daura. Ƙasarmu ce da babban ruwanta bai wuce madatsun Zobe da Jibiya da Sabke ba, amma neman halak yana kai 'ya'yanta har teku, kuma a cikinsu akwai waɗanda ba su daɗe da rabuwa da shaye-shaye ba. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu aikin jirgin ruwa ne suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya, daga wani matashi a Ƙofar Ƙaura, Katsina: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina shan tiramol da kodin, Allah Ya taimake ni na daina, yanzu shekara guda da 'yan watanni. Abin da ya riƙe ni shi ne ganin likita duk wata, da wani yayana na unguwa da ya riga ni dainawa, da zaman da muke yi mu biyar duk daren Juma'a. Ƙanen mahaifina ya samo mini aiki a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, mu shida, a ciki za mu kwana mu tashi. Daga tsibiran Kanari za mu tsallaka zuwa Karebiyan. Ina son aikin, amma ina tsoron komawa gidan jiya idan na rabu da mutanen nan. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara maka ƙarfi. Tsoron nan naka a kan hanya yake, kuma maganinsa a tudu ake haɗa shi, tun ran gini tun ran zane. Daga Las Palmas da ke Kanari zuwa tsibirin Santa Lusiya da ke Karebiyan mil na teku kusan 2,700 ne, ƙaramin jirgi yakan ci mako uku a kai. Abin da ba ka shirya kafin a kwance igiya ba, ba za ka same shi a hanya ba.

Fara da likitanka. Nemi ya rubuta maka takarda da Turanci, mai hatimi, da ta faɗi abin da ka yi fama da shi, ranar da ka daina, da duk maganin da kake sha yanzu da asalin sunansa na likitanci da adadinsa. Idan akwai maganin barci ko na damuwa da aka ɗora ka a kai, ka tafi da wanda zai ishe ka tsawon tafiyar da ƙarin wata guda, a cikin kwalinsa na asali, ka raba shi gida biyu a leda mai hana ruwa shiga. Jirgi irin wannan komai jiƙewa yake yi.

Sannan maganar da matasa suka fi ƙi: ka gaya wa kyaftin. Dalilin ba na ɗa'a kaɗai ba ne. Akwatin magani na jirgin da ke tsallaka teku yakan ƙunshi masu kashe zafi masu ƙarfi, tiramol ko kodin ko mofin, har da dayazifam, saboda ba asibiti a kusa. Wato abin da ka gudu daga gare shi yana iya kasancewa taku uku daga makwancinka. Ka roƙi a kulle su, makulli a hannun kyaftin, a riƙa ƙirga su a rubuce. Ciwon baya da na hannu da jan igiya ke jawowa, farasitamol giram 1 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini, ko ibufurofen miligiram 400 duk awa takwas bayan cin abinci, sun isa, in dai ba ka da gyambon ciki ko ciwon ƙoda. In kuwa karaya ce ko ƙuna mai tsanani, ba a ce ka daure har ka suma ba. Kyaftin ya nemi likita ta rediyo ko wayar tauraron ɗan'adam, ya gaya masa tarihinka. Cibiyar CIRM da ke Roma tun 1935 take ba jiragen ruwa shawarar likita kyauta, dare da rana. Abin da likitan ya ce a ba ka, daga hannun kyaftin zai fito, ƙwaya ɗaya ɗaya. Idan kana kan naltirekzon, maganin da ake ba wasu masu dainawa, wajibi ne a sani, domin yana toshe aikin mofin da danginsa, za a yi ta ba ka ba ya kamawa.

Wani tarko da ba a cika faɗa ba shi ne hajijiyar teku. Kwana biyu zuwa uku na farko mutum yakan yi ta hamma, gumi mai sanyi, tashin zuciya da kasala. Duk wanda ya taɓa rasa tiramol ya san alamomin nan, kusan su ne na yankewar ƙwaya, kuma jiki yakan tuna, ya fara neman abin da ya saba kashe su da shi. Sanin cewa ruwa ne ke juya ka, kuma zai lafa, rabin magani ne. Ka zauna a waje kana kallon inda sama ta haɗu da ruwa, ka ci busasshen abu kaɗan kaɗan, ka tauna citta. Maganin hajijiyar ma likitanka ya zaɓa maka, domin irin su furometazin da saikilizin suna sa jiki ya mutu, kuma akwai masu shan su don maye.

Yanzu sadarwa. Sabis ɗin waya yakan ɓace bayan 'yan kilomitoci daga gaɓa. Rediyon jirgi ba wurin hira ba ne, tasha ta 16 ta kira ce da neman agaji, kuma duk jirgin da ke kusa yana jin ka. Abin da ya rage tauraron ɗan'adam ne, don haka tambayi kyaftin tun yanzu wace na'ura ke cikin jirgin, kuma nawa ne rabonka a ciki. In Starlink ce, ka san abu biyu. Tsarin biya na tudu da bakin gaɓa daban ne da na tsakiyar teku, inda ake sayen data da tsada, don haka ana iya taƙaita ta. Kuma tana cin wuta: ƙaramar, wadda ake kira Mini, tana jan wat 25 zuwa 40, wato kamar amfiya 3 a batir mai bolt 12, babbar kuwa ninkin haka ko fiye. A jirgin da sola ke ciyar da firji da fitilu da na'urar tuƙi, ranar da hadari ya rufe rana intanet ake fara kashewa. Shi ya sa muke cewa ka shiga taro da murya kawai. Awa guda a Zoom ba hoto ba ta wuce megabait 30 zuwa 40, da hoto kuwa tana haura 500. Saƙon murya na minti guda a WhatsApp bai kai rabin megabait ba, kuma yana jira har sabis ya dawo ya tafi da kansa.

Amma kada ka ɗora rayuwarka a kan intanet. Ginshiƙin shi ne gajeren saƙo na kullum. Na'urori irin Garmin inReach da Iridium GO suna aika rubutu ta tauraron Iridium daga ko'ina a teku, haruffa 160 a saƙo, ba sa cin wuta sosai. Ku yi yarjejeniya da yayan nan naka: kowace rana, lokaci ɗaya, za ka aika masa lamba daga 1 zuwa 5. Ɗaya lafiya lau, uku zuciya na raya maka abu, biyar kana gab da faɗawa. Lambar tana da amfani biyu: ba ta buƙatar dogon bayani a ranar da ba ka son magana, kuma in na'urar ta jirgi ce kowa na taɓawa, sirrinka bai fita ba. Ku yanke abin da zai yi in ya ga huɗu ko biyar, misali ya amsa nan take, kai kuma ka nemi kiran minti biyar. Ku gwada tun jirgi na ɗaure a tasha, saƙo ya je, amsa ta dawo, domin ba kowane layi ke karɓar irin wannan saƙo yadda ya kamata ba. In layinsa ya ƙi, a koma imel. Ka kuma sa mutum na biyu, ko da ɗaya daga abokan zamanku na Juma'a, saboda yaya ma yana rashin lafiya, wayarsa ma tana mutuwa.

Agogo yana rikita mutane fiye da yadda ake zato. Zaman ƙarfe 8:30 na dare a Katsina, a Kanari cikin Nuwamba ƙarfe 7:30 ne, a Santa Lusiya kuma 3:30 na yamma, kuma a hanya ana ta ja da agogon jirgi baya. Sayi agogon hannu mai araha ka bar shi a lokacin Katsina, kada ka taɓa shi. Aikin gadi a jirgi karɓa-karɓa ne, awa uku ko huɗu, dare da rana, saboda haka nemi musayar gadin Juma'a tun farkon mako. Abokanka su ajiye waya a tsakiyar tabarma su bar ka ka ji, in sabis ya yanke su naɗa maka.

Tarukan intanet na ƙungiyoyin masu dainawa suna nan kusan kowace awa. Narcotics Anonymous, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1953, tana da su, haka SMART Recovery. Ga wanda ya fi natsuwa da zama a kan tafarkin Musulunci akwai Millati Islami, da aka kafa a Baltimo ta Amurka a 1989. Yawancinsu da Turanci ake yi. Matsalarka ma ba sabuwa ba ce: tun shekarun 1940 matuƙan jirgi 'yan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu daina giya suke riƙe juna da wasiƙa daga tasha zuwa tasha, har ofishinsu na New York yana fitar musu da wata takarda ta sirri mai suna Loners-Internationalists Meeting. Ka kuma rubuta lambobin SeafarerHelp da Yacht Crew Help, layukan taimako na ƙungiyar ISWAN mai tallafa wa ma'aikatan jirgin ruwa, kyauta ne, a asirce, awa 24. Layin kyauta na hukumar NDLEA yana da amfani in kana gida, amma irin waɗannan lambobi ba a cika samun su daga wayar waje ba.

Za a yi ranakun da komai zai mutu, wannan tabbas ne. Tanadi abin da ba ya buƙatar sabis: karatun Alƙur'ani da jawaban waɗanda suka daina a cikin wayarka, littafin rubutu da biro, da wasiƙu a rufe daga mutanenka, ɗaya ta kowane mako. Ƙawar ƙwaya takan taso ta yi ƙarfi ta sauka cikin minti 15 zuwa 30 in ba a biye mata ba. Idan ta zo, duba huɗu: yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya. A jirgi gajiya ce kan gaba, domin barci a yanke yake. Ci wani abu, fita daga ɗaki, kama aikin hannu, zauna kusa da mai gadi ko ba za ku yi magana ba. Salloli biyar, da rangwamen ƙasaru da matafiyi yake da shi, su ne za su riƙe maka tsarin yini a inda dare da rana suka cakuɗe. In ka taɓa shaƙar sholisho, faɗa wa kyaftin, domin jirgi cike yake da gam da tina da fetur, a ba ka aikin fenti a sarari kawai ko a ɗauke maka shi.

Wurin da muka fi ji maka tsoro ba tsakiyar teku ba ne, ranar isa ce. An biya ka, kowa na murna, al'adar matuƙa ce a buɗe kwalba, kuma wasu tsibiran Karebiyan sun sassauta dokar wiwi. Tsara awa 24 na farko tun kana hanya. Kiran farko na yayanka ne, kafin ka taka ƙasa. Mafi yawan kuɗin ya tafi gida a ranar. Nemi taron masu dainawa na garin ka je da ƙafarka. Kada ka fita yawon dare kai kaɗai, kuma ka shirya amsarka guda, "ba na sha", ba sai ka ƙara bayani ba. Sannan ka riƙe wannan da kyau: bayan shekara ba ka sha ba, jikinka ya manta. Adadin da kake sha da, yau yana iya tsayar maka da numfashi, tiramol kuma yana jawo farfaɗiya. Tambaya ko akwai nalokzon, maganin da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi in sun yi wa mutum yawa, a akwatin jirgi, na feshin hanci mai miligiram 4 ko na allura mai 0.4, kuma mutum biyu su san amfani da shi. Alamar ƙwaya ta yi yawa ita ce mutum ya ƙi farkawa, numfashi ya ragu, ƙwayar ido ta ƙanƙance. A ba shi nalokzon, a hura masa numfashi, a maimaita bayan minti 2 zuwa 3 in bai motsa ba, a kwantar da shi ta gefe, a nemi likita, domin ƙarfin nalokzon yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90. In ka zame sau ɗaya, faɗa a ranar. Ɓoyewa ce ke mayar da kuskuren yini ɗaya ya zama na shekara.

In kyaftin ya ƙi kulle magani, ko ya ce ba ka da rabo a na'urar saƙo, shawararmu ka haƙura da wannan jirgin ka jira wani.

Tambaya, daga wani magidanci a Sabuwar Unguwa, Katsina: Ina shan rochi da dayazifam kullum, wani lokaci da giya. Na samu aiki a jirgin kamun kifi daga Legas. Ina ganin in na shiga teku inda babu mai sayarwa, dole in daina. Hakan ya yi?

Amsa: Malam, niyyarka mai kyau ce, amma wannan hanya tana iya kashe ka, kuma ba mu faɗa don tsoratarwa ba. Yanke tiramol ko kodin wahala ce mai tsanani ta kamar mako guda. Yanke rochi da dayazifam da giya farat ɗaya kuwa yana kawo farfaɗiya da ruɗewa da gane-gane. Na giya yakan yi tsanani awa 48 zuwa 72 bayan kurɓar ƙarshe. Na dayazifam yana iya jinkiri har kwanaki, domin yana daɗewa a jini, wato daidai lokacin da jirgi ya yi nisa da gaɓa. Mutumin da ya faɗi yana jijjiga a kan dandamalin jirgi mai santsi, ruwa zai faɗa.

Irin waɗannan ƙwayoyi rage su ake yi sannu a hankali a hannun likita, sau da yawa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk bayan mako biyu ko fiye, abin yakan ɗauki watanni. Je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha. Gwajin lafiyar ma'aikatan jirgi yana tambayar tarihin shaye-shaye, kamfanoni da yawa suna gwada fitsari, kuma dokar duniya ta ma'aikatan jirgi ta sa iyakar giya a jini a kashi 0.05 cikin ɗari ga mai bakin aiki. Gama magani, ka yi watanni a tsaye, sannan ka nemi jirgi.

Tambaya, daga wata uwa a Daura: Ɗana ya daina shan kodin shekara biyu da suka wuce, yanzu yana aiki a jirgin ruwa a ƙasar waje. In ya kwana uku bai kira ba, ba na barci. In ya kira kuma ina tambayarsa ko ya koma, sai ya yi fushi ya kashe waya. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri, Ya kwantar miki da hankali. Ba ke kaɗai ba ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 2.4 daga ciki maganin tari irin na ɗanki suka sha. A 2018 ne aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa.

Shirun kwana uku a teku, mafi yawan lokaci hadari ne ko batir ko ƙarewar data. Nemi ya ba ki kwanakin tafiyarsa, ranar tashi da ranar da ake sa ran isa, da lambar wani a tudu da ke da alaƙa da jirgin. Ku yanke tare cewa sai shiru ya wuce kwana kaza za a kira wannan mutumin. Da haka dare zai daina yi miki tsawo.

Tambayar "ka koma?" ki sauke ta daga kanki, ki ɗora wa wani. Wanda ya koma zai ce a'a, wanda bai koma ba zai ji an tuhume shi, kuma a duka biyun kiran gaba zai yi wuya. Ya kamata a samu namiji guda da yake jin nauyinsa kuma ba ya jin kunyar gaya masa gaskiya, kawunsa, malaminsa, ko wanda ya riga shi dainawa, shi ne mai wannan tambaya. Ke kuma ki tambaye shi barcinsa, abincinsa, da wa yake hira, ki ba shi labarin gida, ki sa masa albarka. Saƙon murya na minti ɗaya kullum bayan Asuba, ko bai amsa ba, yana isa gare shi duk ranar da sabis ya samu.

Abin lura ba rana ɗaya ba ce, sauyin hali ne da ya ɗore: ya isa tasha inda sabis yake amma ya ɓace, kuɗin da ya saba aikowa ya tsaya ba dalili, ya fara neman a tura masa, murya ta yi nauyi yana jan magana, ko ya daina kiran mai riƙon nasa. In biyu ko uku suka haɗu, gaya wa mutumin nan, ba dangi duka ba. In ya dawo hutu kuka yarda da gwajin fitsari, a yi shi da saninsa a asibiti. Kodin yana fita daga fitsari cikin kwana 1 zuwa 3, tiramol kuma ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi sai an nemi nasa na musamman, don haka sakamako mai kyau ba hujja ba ce ta watanni. Kuma in ta tabbata ya zame, asibiti za a kai shi, ba gidan mari ba. Mutanen Daura sun ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje da 'yan sanda suka buɗe su a 2019. A sa masa ranar ganin likita a makon farko na kowane hutu, tun kafin ya sauka daga jirgi.